Bahago a Jikin Bango

Mai Wuta ya sha wucewa ta gaban gidan adana zane-zane na garin da tsani a kafaɗa, amma bai taɓa tunanin akwai abin da zai shigar da shi ciki ba, in ba gyaran wayar lantarki ba, wanda shi ne sana'arsa. Auta ce ta kawo shi. Ƙanwarsa ce, tana koyon zane a kwaleji, kuma an zaɓi aikinta an rataya a ɗakin ƙarshe na gidan tare da na sauran ɗalibai. Tunda Inna ta ji labari ta ce ko ciccibarta za a yi sai an kai ta ta gani da idonta. Maganar ba ƙarama ba ce, domin tun rasuwar Bahago, ɗanta na tsakiya, Inna ba ta fita ko'ina sai asibiti. Daga baya ma ƙafafu suka ƙi, aka koma tura ta a keke.

Gidan tsohon gini ne mai tsawo, ɗakunansa a jere kamar taragon jirgi, wannan na buɗewa cikin wancan. Mai gadin ƙofa ya yi musu bayani cewa ta nan ake shiga, a bi ɗaki-ɗaki, a fita ta baya. Sai dai ta bayan matakala ce mai tsayi, don haka mai keke ba shi da hanya sai ya ratsa ɗakunan duka, ya kuma dawo ta inda ya shiga.

A ɗakin farko Inna ta sa aka tsayar da ita gaban wani ƙaton zane, shuɗi da ja a cakuɗe.

"Wannan fa? Fenti ne ya zube musu suka ji ƙyuyar gogewa?"

"Haba Inna," in ji Auta. "Teku ne da yamma."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ga shi an rubuta a ƙasa."

"To ai shi ya sa aka rubuta. Da ya yi kama da teku, wa zai wahalar da kansa da rubutu?"

Mai Wuta ya yi dariya har keken ya girgiza. Rabon da ya ji bakin Inna ya saku haka ya manta. Shi kansa ba zanen yake kallo ba. Idonsa na kan silin, inda wata fitila ke ƙiftawa, yana ta mita a zuci game da wanda ya haɗa wayar, domin ko daga ƙasa an san aikin ganin ido ne.

"Yaya, don Allah sauke kanka," in ji Auta. "Mutane za su ce an kawo ka auna rufi ne."

"Rufin ya fi tekunki ma'ana."

"Ba nawa ba ne."

"Allah ya sa naki ba sai an rubuta masa suna ba," in ji Inna.

A ɗaki na biyu numfashinta ya fara sama-sama, ta ce a bar ta ta huta ta sha magani. Auta ta tsuguna tana buɗe jaka, shi kuma Mai Wuta ya ce bari ya leƙa gaba ya ga ko keken zai wuce ƙofa, don ya lura ta fi sauran ƙunci. Ya auna ta da hannuwa, ya ga za ta yi. Da a nan ya juya ya koma, da shi ke nan. Sai ya ɗan sa kai ciki.

Ɗakin ba kowa sai wani tsoho a kujera can kusurwa, da sanda tsakanin gwiwoyi. Zane ɗaya ne ya cinye bangon da ke fuskantar ƙofa, tsawonsa ya fi na mutum a kwance. Titi ne da rana tsaka. Ƙafafun mutane sun yi da'ira, ba a ga kawunansu ba. Ga babur a kife, ga lemo a warwatse a kan kwalta. Mai Wuta ya kalli wannan duka kamar yadda ake kallon abin da bai shafe ka ba, har idonsa ya sauka ƙasan zanen, inda wani warin takalmi ya faɗi shi kaɗai.

Maɗaurin takalmin ya taɓa tsinkewa, an ɗaure shi da jar wayar wuta. An murɗa wayar ta hagu, an lanƙwasa bakinta ciki an danne don kada ya soki ƙafa. Masu gyara da yawa suna yanke bakin waya su bar shi a tsaye. Shi bai taɓa barin nasa haka ba. Ya san filayar da ta danne wannan bakin, tana cikin akwatinsa har gobe.

Sai da ya ji sanyin bango a tafin hannunsa sannan ya gane ya dafa shi. A hankali, kamar mai tsoron kada ya tayar da wani, ya ɗaga ido daga takalmin zuwa ƙafar, daga ƙafar zuwa rigar, daga rigar zuwa agogon da ke hannun dama, inda bahago ke ɗaura nasa. Fuskar ta kumbura, ƙura ta rufe rabinta. Amma idanun a buɗe suke. Ba buɗewar gawa ba. Suna kallon wata mata da ta durƙusa ta ɗora kansa a cinyarta, bakinsa a buɗe kamar yana tsakiyar magana, hannunsa na hagu ya damƙe gefen mayafinta har jijiyoyi sun tashi.

Ranar da abin ya faru, shekarun baya, Mai Wuta bai iske ƙanensa a titi ba. A asibiti ya same shi, an riga an rufe shi. Likitan da ke bakin aiki ya dafa kafaɗarsa ya ce masa nan take ne, bai ma san me ya same shi ba. Wannan kalmar ya ɗauka ya kai wa Inna, ita kuma ta riƙe ta kamar sanda. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta faɗa masa. Duk daren da barci ya ƙi, sai a ji ta tana maimaitawa ita kaɗai: Allah ya yi masa da sauƙi, bai ji zafi ba. Wani lokaci kuma ta ƙara da ɗayan rabin, wanda ke cin ranta: amma a titi, kamar wanda ba shi da kowa. Da rabin farko take danne na biyu, haka take kwana, haka take tashi.

"Na san nan za ka maƙale," in ji Auta daga bayansa, muryarta cike da fara'a. "Kowa nan yake maƙalewa. Wannan aikin malaminmu ne, ga shi can zaune. Ka ga hannun nan da ya riƙe mayafi? A kansa na koyi zana hannu. Na kwafe shi har na gaji, in na rufe ido ma ina ganinsa."

"Auta." Ya nuna ƙasan zanen. "Dubi takalmin."

"Me ya samu takalmin?"

"Ni na ɗaure shi. Da safen ranar."

Ta kalle shi tana jiran ƙarshen wasan. Tana ƙarama sosai lokacin, ba a bari ta ga gawa ba, abin da ta sani na Bahago shi ne hoton da ke falo, yana murmushi cikin sabuwar riga. Ta juya ga zanen. Ya ga idonta ya tafi kan agogon, ya koma kan hannun da ta ce tana gani ko ta rufe ido. Sai ta sa tafinta ta toshe baki, ta ja da baya har ta yi karo da igiyar da aka kewaye zanen da ita.

"Innalillahi. Yaya, hannun da na kwafa a ɗakina yake. Na manna shi a kan gadona."

Tsohon ya riga ya taso, yana dogara sanda. Da alama ya ji komai. Ya tsaya nesa kaɗan da su, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Naku ne?" ya tambaya.

"Ƙanena ne."

"Na bi sawu a lokacin," in ji tsohon. "Aka ce 'yan uwa sun ɗauke shi. Ban samu suna ba."

Mai Wuta bai san ya matsa kusa ba sai da ya ga tsohon ya ɗan karkata baya. "Kana wurin?"

"Ina wurin."

"Kana tsaye a kansa kana zane?"

"Ɗakina na sama da titin. Na ji ƙara na sauko da takardar da ke hannuna, ban ma san ina riƙe da ita ba. Na tare motoci, ɗana. Na tsaya tsakiyar titi ina ɗaga hannu, kowa ya ga jini sai ya kauce. Wani ya tafi neman motar asibiti. Wannan baiwar Allah mai sayar da lemo ita ta riƙe shi. Ni ba likita ba ne, ba ni da mota. Da na rasa abin yi sai hannuna ya kama abin da ya iya." Ya dubi ƙasa. "Ban ce daidai na yi ba. Na daɗe ina tambayar kaina, ban samu amsar da ta zauna ba."

Mai Wuta ya sake kallon jar wayar. Shi mai aikin hannu ne, ya san abin da aiki ke ci. Ba a kallo ɗaya ake ganin ta ina waya ta murɗe ba. Wanda ya ga wannan, ya ga jijiyoyin hannu, ya ga yadda lemo ya gangara, ya samu lokaci. Duk kyawun zanen nan, duk abin da ke sa mutane maƙalewa a gabansa, lokacin da Bahago ya yi yana jira ne.

"Ya daɗe?" ya tambaya, ko da yake ya riga ya sani.

"Ya daɗe."

"Yana magana?"

"Yana yi. Ya ce ƙishi yake ji, ta jiƙa masa leɓe. Sai ya dinga tambayar babur. Wai na yayansa ne, aro ya yi, in ya ga yadda ya lalace sai ya yanka shi. Har dariya ya yi. Matar ta ce masa ita za ta je ta ba yayan haƙuri."

Auta ta fashe da kuka marar sauti. Mai Wuta ya tuna yadda ya miƙa makullin da safen yana cewa ko ƙwarzane ya gani a jiki sai sun raba gari. Wasa ne, irin wanda suka saba. Ashe da wasan yaron ya tafi a baki.

Daga ɗaki na biyu muryar Inna ta taso, sarai, har da ɗan fushi na wasa, tana kiran Mai Wuta da sunan da ta saba kiransa. "Kai Babba! Ku kun tafi kun bar ni da hotunan mutanen da ban sani ba. Ko an sayar da ni ne ban ji ba?"

Su ukun suka kalli ƙofa.

"Mu koma gida," in ji Auta da raɗa, tana share fuska da bayan hannu. "Ka ce an rufe ɗakin ƙarshe. Ka ce gyara ake. Na yafe, wallahi na yafe, ba sai ta ga nawa ba."

"A sauke shi mana," in ji Mai Wuta ga tsohon.

"Da ƙarfe aka kafe shi, sai an kira ma'aikata. Amma akwai ƙyalle a ɗakin ajiya. In ka ce a rufe, yanzu zan rufe shi da hannuna, wanda zai yi faɗa ya yi da ni." Tsohon ya mayar da tabaransa. "Ni na riga na yi nawa shisshigin a rayuwarku. Wannan kai za ka faɗa."

Mai Wuta ya so a ce tsohon ya yi gardama. Da ya yi, da an samu wanda za a huce a kansa. Ya tsaya yana juya abin. Bai taɓa yi wa Inna ƙarya ba. Abin da ya kai mata ranar, da zuciya ɗaya ya kai, shi ma haka aka ba shi. Amma daga yau, duk sanda ta ce bai ji zafi ba ya gyaɗa kai, ƙaryar ta tashi daga wuyan likita ta koma nasa. Zai iya ɗauka. Mutum na ɗaukar abin da ya fi haka don uwarsa. In ya karɓe mata sandar nan a waɗannan shekarun nata, da me za ta tsaya?

Sai dai idonsa ya ƙi barin matar. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa nasa, tafinta ɗaya a kumatunsa, kayan sana'arta a zube ba ta ko waiwaye su ba. Kamar wanda ba shi da kowa, in ji Inna. Ga amsar abin da ke cin ranta a jikin bango, kowane baƙo ya biya kuɗin ƙofa ya gani, ɗalibai sun kwafa, ita kaɗai ce ba ta da labari. Kuma ba yadda za a ba ta matar ba tare da buɗaɗɗun idanun ba. A zane ɗaya suke.

Wa ya ba shi ikon zaɓa mata? To in ya tambaye ta, ai ya riga ya faɗa.

"Babba!"

Ya fita. Ya same ta ta gyara mayafi, ta ɗora jaka a cinya, a shirye. Ya tsuguna gaban keken ya riƙe hannayen kujerar. Tana ganin fuskarsa fara'ar ta ɗauke.

"Me ya samu Auta?"

"Lafiyarta ƙalau. Inna, a ɗakin gaba akwai Bahago."

Ta ƙura masa ido, ya ci gaba.

"Wani mai zane yana wurin ranar. Ya zana shi a titi. Abin da likita ya faɗa mini, na faɗa miki, ba haka ba ne. Ban sani ba sai yanzu. Amma ba shi kaɗai ba ne, Inna. Akwai wadda ta riƙe shi. In kin ce mu koma gida, mu koma. In kin ce a rufe mu wuce, a rufe."

Ya ga maganar tana shigarta kaɗan-kaɗan, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Leɓenta ya motsa, ya gane kalmar da ta saba ce ta taso, ta iso baki ta rasa wurin zama. Ya yi nadama nan take, nadama mai ɗaci, ya so ya ce wasa yake, ya so ƙasa ta tsage.

"Tura," ta ce.

"Inna..."

"Na ce tura. Ɗana yana ɗakin gaba kana tsugune kana mini wa'azi."

Keken ya wuce ƙofar da ƙyar, taya ɗaya ta goge katako. Auta ta rakuɓe a bango. Tsohon ya sunkuyar da kai ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Mai Wuta ya tsayar da ita a tsakiyar ɗakin, ta yi masa alama da yatsa ya matsa, ya matsa, ta sake yi, har gwiwoyinta suka taɓa igiyar.

Ba ta nemi takalmi ba, ba ta nemi agogo ba. Fuskar ta tafi kai tsaye. Wani sauti ya fito daga ƙirjinta, gajere, irin na wanda aka buga wa abu a ciki. Ta daɗe tana kallo. Wasu baƙi biyu suka shigo suna hira, suka ga yanayin, suka wuce sum-sum.

"Ba ta iya riƙe shi ba," in ji Inna a ƙarshe, muryarta a bushe. "Ta bar wuyansa a lanƙwashe. Tun yana jariri ba ya son haka. Amma ta riƙe. Allah ya riƙe ta. 'Yar wace ce?"

"Ban sani ba, Hajiya," in ji tsohon. "Da aka ɗauke shi ta tattara abin da ya rage na lemonta ta tafi. Ban sake ganinta ba."

Sai yanzu Inna ta juyo ta dube shi, daga hula har takalmi. "Kai ne ka tsaya kallo."

"Ni ne."

"To tunda ka iya kallo, ka iya ji. Ya kira ni?"

Daga bayan keken Mai Wuta ya kafe tsohon da ido, yana gyaɗa masa kai a hankali, yana roƙo. Shi da ya gama yanke wa kansa cewa ba zai ɗauki ƙarya ba, ga shi yana bara a yi masa ɗaya. Ka ce e. Me zai rage ka? Tsohon ya gan shi sarai. Ya damƙe kan sandarsa da hannu biyu.

"A'a, Hajiya. Ban ji ya kira ki ba. Ruwa ya nema, sai kuma zancen babur ɗin yayansa."

Auta ta runtse ido. Mai Wuta ya ji kamar ya shaƙe tsohon.

Inna ta sauke wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka tare da shi.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Ina gida ina wanki a lokacin. Da ya kira ban zo ba, da yau ba ku fitar da ni daga ɗakin nan da rai ba."

Ta mayar da fuskarta ga zanen. Hawayen sai yanzu suka zo, ba ta share ba, suna bin layukan fuskarta suna ɗiga a kan jaka. Mai Wuta ya kama hannayen keken don ya juya da ita, ta ɗora tafinta a kan taya ta riƙe gam.

"Bar ni tukuna. Ya daɗe a nan yana jira, ni ce ban zo ba. Ku samo wa kanku kujeru."